Wai maganin ne ke shanye masa jini? Muhawarar zauren 'yan garinmu kan takardar gwajin mai shan metadon

Maman Sadiq (Auyo): Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, kuma don Allah maganar ta tsaya a nan. Ƙanena ne, wanda ya daɗe yana cirani a Legas. Can ya faɗa harkar ƙwaya, daga tiramol da kodin har abin ya kai ga hiroyin da allura. Da ƙyar aka shawo kansa aka kai shi asibiti a birni, suka ɗora shi a kan wani maganin ruwa wai metadon, kullum da safe sai ya je ya sha a gabansu. Bai cika wata uku da farawa ba. Alhamdulillahi ya nutsu, yana sallah, ya bar ɗauke-ɗauke. To amma da Inna ta je duba shi gidan Kawu sai ta ga ya ɗashe, ga gumi ba dare ba rana. An yi gwaji, an ce jininsa ya yi ƙasa. Yanzu Inna ta kafe a kan maganin ne ke shanye masa jini, a dawo da shi gida a haɗa masa sassaƙe a sa masa ruwa leda biyu a wanke jinin. Ni kuma gabana faɗuwa yake. Ga takardar na tura, masu ilimin abin ku duba mana.

Ɗan Fadama: Wa alaikumus salam. Allah ya ba shi lafiya. Ni ban yi boko mai nisa ba, amma abin da na gane shi ne an raba shi da ƙwayar bayan tasha an haɗa shi da ƙwayar asibiti. An gudu ba a tsira ba ke nan. Ina goyon bayan Inna.

Uwar Biyu (nas): Yaya, kafin komai, kada a kuskura a tsayar masa da maganin nan farat ɗaya. Kowa ya faɗi ra'ayinsa, amma wannan ɗin dai a riƙe shi tukuna. Zan dawo in na sallami masu awo.

Mai Lab (Dutse): Na ga takardar, Maman Sadiq. Bari in karanta wa jama'a yadda take, don hoton bai fito sosai a wasu wayoyin ba. Hamogulobin, wato sinadarin jan jini mai ɗaukar iska, 10.8, alhali namiji baligi ana so ya kai 13. PCV 33. Girman jajayen ƙwayoyin jini, wato MCV, 72, shi kuma daidai ɗinsa tsakanin 80 ne da 100. Fararen ƙwayoyi 3,700. A cikinsu iyosinofil kashi 11 cikin ɗari, wanda ya yi yawa. Ƙwayoyin daskarar da jini 128,000, an fi so su kama daga 150,000 zuwa sama.

Da za a miƙo min takardar nan a rufe sunan mai ita, ba a ce min komai game da metadon ba, cewa zan yi ta wani manomin shinkafa ce daga fadamar Hadejia. Irinta nake gani kullum. Jajayen ƙwayoyi ƙanana kuma kodaddu alamar ƙarancin sinadarin ƙarfe ce a jiki. Iyosinofil ya hau, hankalinka ya fara zuwa kan tsutsar ciki ko tsargiya. Ƙwayoyin daskarewa sun sauka kaɗan, ka nemi maleriya, ka nemi ciwon hanta, musamman ga wanda ya taɓa yin allura da sirinjin wani. Ba a san metadon da ƙanƙantar da jajayen ƙwayoyi ba.

Ɗan Fadama: To Malam, shekara nawa yana Legas? Ina ya ga fadama?

Maman Sadiq: A'a, yana zuwa aikin rani duk shekara, shi ke yi wa Baba ban ruwa da dashe. Bara ma ya fi wata biyu a cikin ruwa.

Mai Lab: Ka ji ko. Kuma tsutsar tsargiya tana iya shekaru a jijiyoyin mafitsara tana zuba ƙwai, ko mutum ya bar gari. Wani abin kuma da ya kamata Inna ta sani: jar ƙwayar jini kwana 120 take yi a duniya kafin saifa ta kawar da ita. Yaron da bai cika wata uku a kan magani ba, wani kaso na jinin da ke yawo a jikinsa yau ɓargonsa ya ƙera shi ne tun lokacin da yake kwana a tasha, yana wuni a kan burodi da lemon kwalba. Takardar nan labarin baya take ba mu fiye da labarin yau.

Baba Na'ibi: Assalamu alaikum. 'Ya'yana, na karanta duk abin da kuka rubuta. Ni ba jini ne damuwata ba. An ruwaito daga Abdullahi ɗan Mas'ud, Allah ya yarda da shi, cewa Allah bai sanya warakarmu a cikin abin da ya haramta mana ba. Idan wannan ruwan da ake ba shi ɗan'uwan abin da yake sha ne, yaya za a kira shi magani? Kuma har yaushe? Yaro ya tuba, a bar shi ya yi haƙuri da azabar kwana bakwai, a yi masa addu'a da rubutu, ya fita gaba ɗaya.

Na Tuba: Baba, Allah ya ƙara girma. Ku yi haƙuri in sa baki, ni na sha, kuma ba na ɓoyewa. Azabar kwana bakwai ɗin nan na yi ta ba sau ɗaya ba. An ɗaure ni, an yi min rubutu, na yi amai da gudawa har na ga kamar raina zai fita, kuma na fito tas. Ba a nan gizo ke saƙar ba. Bayan kwana bakwai akwai wata shida na rashin barci da baƙin ciki da ƙishin abin, kana zaune a majalisa ana dariya kai kuwa zuciyarka na bayan kasuwa. A nan ake komawa. Abokina da muka fita tare, ranar da ya koma ya sha daidai abin da ya saba sha a da, jikinsa kuwa ya riga ya manta da shi. A kango aka tsince shi da safe.

Baba Na'ibi: Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya jiƙansa ya yafe masa.

Mai Kemis: Allah ya jiƙan musulmi. Ni dai shawarata a saya masa maganin ƙarin jini na kwalba, a haɗa da maltina da madarar ruwa safe da yamma, sati biyu za ku ga canji. In ana so akwai allurar ƙarin jini ma.

Uwar Biyu: Na dawo. Mai Kemis, don Allah a bar maganar maltina da madara. Sukari ne kawai zai sha, kuma madara da shayi ma rage shigar sinadarin ƙarfe jiki suke yi in aka haɗa su da maganin. Masu shan metadon dama kwaɗayin zaƙi yana damunsu, ga ƙiba ga lalacewar haƙori. Ledar ruwa kuma da Inna ke so, ruwa ne da gishiri ko sukari, ba ta wanke komai, fitsari zai yi ta yi. Ƙarin jini ma bai taso ba a hamogulobin 10.8, sai ya sauka wajen 7 ko ana zubar da jini ake fara wannan lissafin. Abin da za a yi shi ne a gano ta ina jinin ke yoyo: a duba fitsari da bayan gida, a duba maleriya, a duba ciwon hanta na B da na C da kuma ƙanjamau. In ma asibitin sun yi waɗannan tun farko, wanda galibi suna yi, a tambayo sakamakon.

Gumin kuwa gaskiyar Inna ce, aikin metadon ne, sananne ne. Shi da taurin bayan gida. Amma gumi daban, ƙarancin jini daban.

Likitan Zaure (Kano): Salam. Yanzu na fito daga aiki na tarar da saƙo fiye da arba'in. Ban ga yaron ba, don haka ba zan yi masa magani ta waya ba, likitocinsa su ne da hukunci. Amma tambayar Inna tambaya ce mai kyau, masana sun shafe shekaru suna yin irinta, kuma amsarta ba "babu komai" ba ce. Maganin yana taɓa ƙwayoyin jini. Sai dai a tambaya, idan aka kwatanta da me?

Bari in fara da yadda abin yake aiki. A jikin ƙwayoyin ƙwaƙwalwa akwai wasu makarɓai da ake kira miyu, a kansu tiramol da kodin da hiroyin da metadon duk suke sauka. In sun sauka sai ƙwayar halittar ta rage ƙera wani ɗan aike na cikinta mai suna cAMP. In abin ya daɗe, sai ta ƙara yawan injinan ƙera shi don ta cike giɓin. Ranar da ƙwaya ta yanke, injinan nan da suka yi yawa sai su saki aiki gaba ɗaya, ɗan aiken ya yi ambaliya. Hamma da hawaye da gudawa da ciwon ƙashi da Na Tuba ya ba da labari, tushensu ke nan. Tun 1975 aka nuna wannan a ɗakin bincike a Amurka. Hiroyin awoyi kaɗan take yi ta sake mutum, don haka mai shanta yana hawa yana faɗowa sau uku ko huɗu a wuni. Metadon kuwa kurɓi ɗaya yana riƙe mutum awa 24 ko fiye, a shimfiɗe, ba hawa ba faɗowa. In an daidaita masa adadinsa ba ya buguwa, yana iya tuƙi yana iya noma.

Inda jini ya shigo shi ne, fararen ƙwayoyin jini su ma suna amsa wa waɗannan sinadarai. A 1979 wani mai bincike a Beljiyam, Wybran, ya fara nuna alamar haka a jikin limfosayit, wani nau'in fararen ƙwayoyi. Ga kuma sinadarin tashin hankali, kotisol, da ke tashi duk lokacin da ƙwaya ta saki mutum, shi ma yana danne garkuwar jiki. Mai shan hiroyin fararen ƙwayoyinsa suna shan wannan bugu kullum, ga dattin da ake cakuɗa hodar da shi, ga ƙurajen wurin allura, ga yunwa. A 1989 ƙungiyar Dakta Mary Jeanne Kreek a Jami'ar Rockefeller ta New York ta auna ƙarfin wasu fararen ƙwayoyi da ake kira NK, masu farautar ƙwayar da cuta ta shiga ko ta fara rikiɗa zuwa daji. Masu allurar hiroyin nasu ya yi rauni sosai. Waɗanda suka shekara da shekaru a kan metadon ba tare da komawa allura ba, nasu daidai yake da na masu lafiya. A 2008 ƙungiyar Paola Sacerdote a Milan ta Italiya ta sake samun kusan haka, ga masu metadon da masu ɗaya maganin, bufrenofin, wanda ake sawa ƙarƙashin harshe.

Saboda haka in Inna ta ce magani yana taɓa jini, ban ƙaryata ta ba. Amma abin da aka fi gani shi ne garkuwar da ƙwayar titi ta rusa tana farfaɗowa a hankali in mutum ya zauna a kan magani. A hankali fa, ba a wata uku ba.

Ɗan Fadama: Likita, ai ga shi nasa fararen 3,700 ne, Mai Lab ya ce ana so su kai nawa ma?

Mai Lab: A takarda an rubuta 4,000 zuwa 11,000. Amma wannan ma'aunin asalinsa daga jinin Turawa aka ɗauko shi. Mafi yawanmu mutanen Afirka ta Yamma ba mu da wata alama da ake kira Duffy a jikin jajayen ƙwayoyinmu, gado ne, kuma masu irin wannan jinin nutrofil ɗinsu, wani nau'in fararen ƙwayoyi, a gwaji yakan fito ƙasa da na Bature alhali lafiyarsu ƙalau, ba sa kamuwa da cuta fiye da kowa. Rashin alamar ma kariya ce daga wani nau'in maleriya da ake kira bibaks. In na auna majalisarku ta bakin kasuwa kaf, zan samu masu 3,700 da yawa, har da kai wataƙila.

Ɗan Fadama: Ni jinina ba ya zuwa Dutse, na gode.

Mai Lab: Likita, ka tsallake ɓangaren da ya fi burge ni, na jajayen. Bari in ɗan taɓa. Jar ƙwayar jini ba ta da cibiya irin ta sauran ƙwayoyin halitta, ba ta iya ƙera sabon kayan gyara. Abin da ta fito da shi daga ɓargo, da shi za ta yi kwana 120 ɗinta, kuma aikinta dakon iskar oksijin ne, ita kuwa iskar nan tana cin abu kamar yadda tsatsa ke cin garmar da aka bari a damina. Makamanta na kariya su ne sinadarin gulutatiyon da wasu inzayim, wato sinadaran da ke gaggauta ayyukan jiki, irin su katalas da SOD. Bincike da dama a kan masu shan hiroyin da ofiyom sun sami waɗannan makaman sun ragu, wani sinadari kuma mai suna MDA, wanda ke nuna kitsen fatar ƙwayar ya lalace, ya ƙaru. In fatar ta lalace ƙwayar takan yi tauri, saifa ta kama ta tun kwananta bai cika ba. A kan masu metadon kuma sakamakon ya rabu, wasu sun ga sauƙi bayan watanni, wasu sun ga tsatsar tana nan.

Mu kuma a nan muna da ƙarin dalilin kula, don maza da yawa a ƙasar nan an haife su da ƙarancin inzayim ɗin G6PD, wanda shi ke sabunta gulutatiyon. Irinsu wani magani ko ƙwallon kafur na cikin akwatin kaya yana iya fasa musu jini, ido ya yi rawaya, fitsari ya yi baƙi. Shi ya sa maganar haɗa masa sassaƙen da ba a san me ke ciki ba ta fi tayar min da hankali fiye da metadon ɗin.

Likitan Zaure: Gaskiya ne, amma a ja birki kaɗan, Malam, kada gobe Maman Sadiq ta tafi asibiti tana neman a auna mata MDA. Waɗannan awon na masu bincike ne, ba a yanke hukuncin magani da su. Yawancin binciken mutane kaɗan aka auna, kuma kusan dukkansu mashaya sigari ne. Sigari kaɗai tana kawo wannan tsatsar, tana ɗaga fararen ƙwayoyi, hayaƙinta yana kama hamogulobin ya hana shi ɗaukar iska. Raba laifin sigari da na hanta da na yunwa da na metadon a jikin mutum ɗaya ba ƙaramin aiki ba ne. Haka binciken 2009 da ya sami ƙarin wata alama da ake kira metil a kan ƙwayar gadon makarɓin miyu a cikin limfosayit na masu shan metadon da suka bar hiroyin. Abin sha'awa ne, amma hiroyin ce ta bar tabon ko metadon ne, ko da shi aka haife su? Binciken bai raba wannan gardama ba. Dalilin da ya sa ma ake yawan auna ƙwayoyin jini a wannan fanni shi ne ba a iya ɗibar ƙwaƙwalwar mai rai. Ƙwayoyin daskarar da jini, alal misali, suna zuƙar sinadarin serotonin su adana irin yadda jijiyoyin ƙwaƙwalwa ke yi, sai ake leƙa su a yi kirdadon abin da ke faruwa a sama.

Hanya ɗaya da na yarda metadon da kansa yana iya rage jini kaɗan ita ce ta sinadarin mazakuta, testosteron. Duk dangin ofiyom suna danne shi in an daɗe ana sha, metadon ya fi bufrenofin yin haka, shi kuma sinadarin yana cikin masu zaburar da ɓargo ya ƙera jini. Amma irin wannan ragin ɗan kaɗan ne, kuma ƙwayoyin ba sa ƙanƙancewa. MCV 72 ba aikinsa ba ne.

Uwar Biyu: Tunda an zo nan, matan aure da mazajensu ke kan maganin su sani, raunin sha'awa yana cikin abin da yake kawowa, ba sammu ba ne ba kuma kishiya ake nema ba. A faɗa wa likita, akwai abin yi.

Baba Na'ibi: Likita, na ji bayanin jini, Allah ya ƙara sani. Amma ba ka amsa min tawa ba.

Likitan Zaure: Baba, fatawa taku ce, ni sai dai in kawo muku yadda abin yake ku auna. Ku kuka koya mana cewa larura tana halatta abin da aka hana, kuma da dangin wannan maganin muke yi wa mutane tiyata, da shi muke sauƙaƙa wa masu sikila da masu ciwon daji. Tun 1964 Vincent Dole da Marie Nyswander suka fara gwada metadon a New York, yau fiye da shekara sittin ke nan ana tara hujja. A 2005 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi da bufrenofin cikin jerin magungunan da bai kamata ƙasa ta rasa ba. Abin da aka tabbatar shi ne, zama a kan maganin yana rage mutuwa da kusan rabi, kuma makonnin farko bayan an bar shi suna cikin mafi hatsari, saboda dalilin da Na Tuba ya faɗa. Iran tana da ɗaya daga cikin manyan shirye-shiryen metadon a duniya. A Malesiya har a harabar wani masallaci a Kuala Lumpur an buɗe wurin bayar da shi. Tanzaniya ta fara a asibitin Muhimbili na Darussalam a 2011, Kenya ta biyo a 2014.

Batun har yaushe kuwa, wani shekara ɗaya, wani biyu, wani fiye. In rayuwa ta daidaita, ga sana'a ga iyali, ana ragewa kaɗan-kaɗan cikin watanni. Kuma ba duk mai shan tiramol ko kodin ake ɗora wa metadon ba, kada wani ya ji wannan ya tafi nema. Wuraren da ke bayar da shi a ƙasar nan ma ba su da yawa.

Baba Na'ibi: To. Idan ba ya gusar da hankali a adadin da ake ba shi, kuma likita ne ke riƙe da kwalbar ba shi ba, wannan wata mas'ala ce daban da wadda na ɗauka. Ban ce na gamsu da a bar mutum shekaru a kai ba. Zan tuntuɓi waɗanda suka fi ni. Amma a haɗa masa da karatu da zama da mutanen kirki, kada a sallama shi ga kwalba kaɗai.

Na Tuba: Wannan kam haka ne Baba. Rashin aikin yi ya fi komai dawo da mutum.

Ɗan Fadama: Ni har yanzu ina nan kan bakata. Gwamnati ta hana kodin na ruwa tun 2018, me ya canza? Yaran da ke yi mana yankan shinkafa da tiramol suke wuni a gona, kowa ya sani, mai gonar ma wani lokacin shi ke sayo musu don aiki ya yi sauri. A toshe inda take shigowa, ba a buɗe wani shagon ba.

Likitan Zaure: A toshe, ban ƙi ba. Amma ƙididdigar da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da ƙwaya, ta 2018, ta ce mutum miliyan 14.3 ne suka taɓa ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, miliyan 4.6 daga ciki irin su tiramol da kodin. Ko yau NDLEA ta rufe kowace iyaka, waɗanda suka riga suka kamu suna nan a gidajenmu, kuma ƙanin Maman Sadiq ɗaya ne daga cikinsu.

Maman Sadiq, ga abin da nake so ki riƙe, ya fi lambobin takardar nan muhimmanci. Duk inda zai karɓi magani, ko na zazzaɓi ne, ya faɗa musu yana shan metadon. Maganin tarin fuka, rifamfisin, mai sa fitsari ja, yana sa hanta ta ƙone metadon da sauri, sai ka ga mutum yana hamma da gumi a zaci ya koma ruwa. Wasu tsofaffin magungunan ƙanjamau, efabirenz da nebirafin, haka suke yi. Kwinin kuma da wasu magungunan suna haɗuwa da metadon su rikita bugun zuciya, balle in amai da gudawa sun zubar masa da sinadarin fotasiyam, shi ya sa ake yi musu gwajin zuciya. Baliyam da roci da giya a kan metadon suna tsayar da numfashi cikin barci. Allurar fentazosin da wasu ke yi wa mutane a kemis, in aka yi wa mai shan metadon tana iya jefa shi cikin azabar yankewa nan take.

Mai Kemis: Ni ba na yin wannan allurar sai da takardar likita, kowa ya sani.

Uwar Biyu: Ba a kira suna ba ai, Alhaji.

Yaya, in aka tabbatar ƙarancin ƙarfe ne za su ba shi ƙwayar ayon. Ki gaya wa Inna tun yanzu bayan gidansa zai yi baƙi, kada ta ce ga shaida jini na fita. Kuma zai ƙara masa taurin ciki a kan wanda metadon ya kawo, sai ya yawaita ruwa da ganye, zogale, rama, kuɓewa. Hanta da nama da kifi in da hali, ku da kuke kusa da kogi kifi ba zai gagara ba, da wake. Ya sha maganin da lemon zaƙi ko gwaiba, shayi kuma ya bari sai bayan awa biyu. Cikin mako uku zuwa huɗu ya kamata a ga jinin ya fara hawa, amma ana ci gaba da sha wata uku bayan ya daidaita don rumbun jiki ya cika. In kuma watarana suka fara ba shi na kwanaki ya taho da shi gida, a kulle a akwati. Kurɓin da babba zai sha ya tafi gona yana kashe yaro.

Maman Sadiq: Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Na kira Kawu yanzu, ya ce an yi gwajin hanta da na ƙanjamau ranar da aka karɓe shi, ƙanjamau babu, amma na hanta sun ce akwai wanda za a maimaita, shi bai gane ko B ko C ba ne. Fitsari da bayan gida ba a duba ba. Matsalar yanzu Inna ce, ba ta karatu, kuma in ni na faɗa za ta ce boko ne ke ɗibata.

Baba Na'ibi: Ki bar min wannan. Gobe bayan la'asar zan shiga in gaishe ta. Abin da zan ce mata shi ne kada a taɓa maganin sai likitansa ya ce, sauran kuma mu ci gaba da tattaunawa.

Likitan Zaure: Allah ya saka, Baba. Na hantar a bi shi da gaske, don zai iya zama shi ne dalilin saukar ƙwayoyin daskarewar. In C ne, yanzu ana warkewa da ƙwayoyi na wata uku. In B ne, ana sa ido ko a ba da maganin danne shi, matarsa da 'yan gidan kuma a gwada su a yi musu rigakafi.

Ɗan Fadama: Mai Lab, tambaya ba don kaina ba. Wanda yake ganin ɗan ja a ƙarshen fitsari tun yana yaro, amma ba ya jin ciwon komai, shi ma sai ya yi gwajin?

Mai Lab: Shi ma sai ya yi, ka gaya wa "abokin naka". Shekaru in suka yi yawa tana lalata mafitsara da ƙoda, maganinta kuwa firazikwantel ne, ana auna shi da nauyin mutum, sha ɗaya. Maman Sadiq, ki faɗa wa Kawu kada a kai fitsarin asuba. A ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin ƙwan ya fi fita, kuma a tabbata ɗigon ƙarshe ya shiga kwalbar. A kai lab da wuri, kada ya wuni a aljihu.

Ɗan Fadama: Nawa ake gwajin a wajenku? Zan gaya masa.